Yadda ake girka Arch Linux da hannu a kan faifai mai kulle da LUKS da LVM

Kalmar sirrin da ake bugawa wajen shiga kwamfuta ba ta kare abin da ke kan faifai. Wanda ya sace laftof, ko ya tsince ta, zai iya kwance faifan ya jona shi a wata na'ura, ya karanta komai cikin 'yan mintuna: takardun aiki, hotunan iyali, kalmomin sirrin da burauza ta adana. Maganin wannan shi ne a kulle faifan kansa, ta yadda duk abin da aka rubuta a kai zai koma rubutun da ba mai iya karantawa sai mai mabuɗi. A Linux, aikin LUKS ke nan, wanda Clemens Fruhwirth ya ƙirƙiro a 2004. LVM kuma, wanda ya girme shi da 'yan shekaru, shi ke ba da damar raba faifai kashi-kashi, a ƙara wa wannan a rage wa wancan daga baya ba tare da an sake girki ba.

Umarnan da za a buga ba su da yawa. Abin da ya fi su muhimmanci shi ne sanin yadda abubuwan suka hau kan juna, domin duk matsalar da za ta taso, a ɗaya daga cikin waɗannan hawa take. Ka ɗauki LUKS a matsayin katangar gida mai ƙofa ɗaya, LVM kuma ɗakunan da ke ciki: sai an buɗe ƙofar ake ganin ɗakunan. A kan faifai za a yi kaso biyu kacal. Na farko ƙarami ne, ba a kulle shi, domin daga nan kwamfuta take ɗaukar kanel, wato zuciyar tsarin Linux, ta tashi. Na biyu shi ne sauran faifan gaba ɗaya, a kulle da LUKS, kuma a cikinsa LVM zai fitar da root (wurin tsarin kansa) da home (wurin fayilolinka) da swap. Amfanin wannan jeri shi ne jimlar sirri ɗaya ta buɗe komai, har swap, inda ragowar abin da ke cikin RAM yake zuba.

Wannan hanya tana goge faifan dukansa. In akwai Windows ko wasu fayiloli a kai, a kwashe su tukuna.

Shiri kafin a taɓa faifai

Ana buƙatar filas mai giga 2 ko fiye, da intanet, da batir mai rai. Fayil ɗin ISO na Arch, wanda ake girki da shi, ya haura giga 1, girkin kansa kuma zai ci wasu ɗaruruwan mega, don haka a tanadi data. Bayan saukewa, a buga sha256sum a kan fayil ɗin a gwada sakamakon da wanda ke shafin Arch. ISO ɗin da ya yanke a hanya yakan tashi lafiya, sai an yi nisa ya fara ba da kurakurai marasa kan gado. A Windows ana rubuta shi kan filas da Rufus ko Ventoy. A Linux kuwa, inda sdX yake a sa sunan filas ɗin:

    dd bs=4M if=archlinux-x86_64.iso of=/dev/sdX conv=fsync status=progress

Sai a shiga saitin BIOS, da F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad. A kashe Secure Boot, domin ISO ɗin Arch ba ya tashi da shi. In yanayin faifai yana kan RAID ko Intel RST, a mayar da shi AHCI, in ba haka ba Linux na iya kasa ganin faifan sam. A duba kwanan wata ma. Laftof ta hannu da ta daɗe sau da yawa ƙaramin batirin agogonta ya mutu, sai ta koma wata shekara can baya, kuma da agogon da ba daidai ba pacman, mai girka manhajoji a Arch, zai ƙi amincewa da sa hannun manhajoji.

Da filas ya tashi, abu na farko shi ne kibod. Wanda laftof ɗinsa ke da jerin Faransa, irin wanda aka fi samu a Nijar da Kamaru da Chadi, ya buga loadkeys fr tun kafin komai. Dalilin zai bayyana a wajen jimlar sirri. Sannan:

    cat /sys/firmware/efi/fw_platform_size

In ya nuna 64, an tashi ta UEFI, sabuwar hanyar tada kwamfuta, ana iya ci gaba. In ya ce babu fayil ɗin, an tashi ta tsohuwar hanya, sai a koma BIOS a gyara. Intanet kuwa, mafi sauƙi a jona waya da kebul a kunna raba data ta USB, zai kama da kansa. Na Wi-Fi ana shiga iwctl, a buga station wlan0 connect da sunan layin. A tabbatar da ping archlinux.org, a duba agogo da timedatectl.

Raba faifai

Buga lsblk ka karanta a tsanake. A nan za mu ce faifan shi ne /dev/nvme0n1. Na SATA zai fito da /dev/sda, kasonsa kuma sda1 da sda2. Ka gane shi ta girmansa, kada ka dogara da suna, domin filas ɗin ma yana iya ɗaukar sunan sda.

In faifan ya taɓa ɗaukar bayanai masu muhimmanci, kulle shi yanzu ba zai share tsofaffin ba. Suna nan kwance har sai an rubuta wani abu a kansu. Hanya mai kyau ita ce a cika shi da shara ta wani kulle na wucin gadi:

    cryptsetup open --type plain -d /dev/urandom /dev/nvme0n1 shara
    dd if=/dev/zero of=/dev/mapper/shara bs=1M status=progress
    cryptsetup close shara

Zai ƙare da "No space left on device", wanda ke nufin ya kai ƙarshe. A faifai mai juyawa na tera 1 wannan yana cin awanni. Sabon faifai ba ya buƙatar haka.

    sgdisk --zap-all /dev/nvme0n1
    sgdisk -n 1:0:+1G -t 1:ef00 /dev/nvme0n1
    sgdisk -n 2:0:0 -t 2:8309 /dev/nvme0n1

Giga 1 ga kason farko ba ɓarna ba ce. Za a sa kanel biyu, kowanne da initramfs ɗinsa (ƙaramin tsarin da ke fara aiki wajen tashi), kuma ranar da kason ya cika ana tsakiyar sabuntawa, za a samu rabin fayil, kwamfuta ta ƙi tashi. Faɗaɗa shi daga baya wahala ce, tunda kason LUKS yana manne da shi.

Kullewa, da zaɓen jimlar sirri

    cryptsetup luksFormat /dev/nvme0n1p2
    cryptsetup open /dev/nvme0n1p2 cryptlvm

Zai nemi ka rubuta YES da manyan baƙaƙe, sannan jimlar sirri sau biyu. Ba sai an ƙara wani zaɓi ba. Tun daga cryptsetup 2.1 tsarin da yake amfani da shi shi ne LUKS2, da aes-xts-plain64 da mabuɗi mai bit 512, sababbin sigogi kuma suna sarrafa jimlar da Argon2id. Wannan Argon2id da gangan yake cin RAM, har zuwa giga 1, da kimanin daƙiƙa 2 a kowane gwaji, don mai son fasa jimlar ta hanyar gwada miliyoyi ya gaji. Jinkirin da za ka riƙa gani bayan buga jimla ke nan, ba matsala ba ce. Shi ya sa kuma ya fi kyau a yi wannan mataki a kan na'urar da za a yi amfani da ita, saboda da ƙarfinta yake auna nauyin.

Ya kamata a fahimci abu guda a nan. Jimlarka ba ita ce ke kulle bayanan kai tsaye ba. Akwai babban mabuɗi da na'ura ta ƙirƙiro, yana ajiye a kan kason, cikin mega 16 na farko da ake kira kan LUKS, jimlarka kuma ita ke buɗe shi. Wannan ne ya sa ake iya canja jimla ba tare da sake kulle faifai ba, ake kuma iya sa jimloli da dama, har 32 a LUKS2. Haka nan shi ya sa lalacewar waɗannan mega 16 take nufin asarar komai, ko da kana riƙe da jimlar daram.

Wajen zaɓen jimla mutane suka fi cutar kansu. Karin magana, ko aya, ko baitin waƙa, ko sunan ɗa da shekarar haihuwa, duk suna da tsawo amma sanannu ne. Abin da ya fi shi ne kalmomi shida ko bakwai da babu abin da ya haɗa su, waɗanda aka zaɓo ta hanyar ƙuri'a. Kalma shida daga jerin Diceware mai kalmomi 7,776 suna ba da ƙarfin kusan bit 77. Kalmomin Hausa suna da kyau, amma ban da baƙaƙe masu ƙugiya. Jerin kibod na Hausa da ke fitar da ƙ da ɗ da ɓ yana aiki ne bayan an shiga tebur. A baƙar fuskar da ake tambayar jimla babu shi. Mai kibod ɗin Faransa kuma ya kula: in ya rubuta jimla alhali na'ura na ɗaukar jerin Amurka, duk inda ya danna a an rubuta q, inda ya danna z an rubuta w, lambobi ma sun sauya. Ranar da ya saita jerin Faransa, jimlar da ya haddace ba za ta buɗe ba.

Fitar da ɗakunan LVM

    pvcreate /dev/mapper/cryptlvm
    vgcreate vg0 /dev/mapper/cryptlvm
    lvcreate -L 8G -n swap vg0
    lvcreate -L 50G -n root vg0
    lvcreate -L 250G -n home vg0

Wannan lissafi na faifai mai giga 512 ne da RAM giga 8. Lura da cewa pvcreate a kan /dev/mapper/cryptlvm ake yin sa. Wanda ya yi shi a kan nvme0n1p2 ya fita daga cikin kullen, yana ma shirin take kan LUKS ɗin.

An bar fiye da giga 150 babu kowa a kai, kuma da niyya aka yi. Jagorori da yawa suna cewa a ba home duk abin da ya rage, wanda a ganina zubar da amfanin LVM ne. Ƙara wa ext4, tsarin fayil ɗin da za mu yi amfani da shi, girma umarni ɗaya ne, kwamfuta na aiki. Rage shi kuwa sai an sauke shi, an duba shi, ga haɗari. XFS, wani tsarin fayil, ma ba a saba rage shi ba sam. A fara da kaɗan, a ƙara idan buƙata ta zo. Swap kuma, mai son kwamfuta ta riƙa yin dogon barci, wato ta juye RAM kan faifai ta mutu, ya sa shi ya kai girman RAM.

    mkfs.fat -F 32 /dev/nvme0n1p1
    mkfs.ext4 /dev/vg0/root
    mkfs.ext4 /dev/vg0/home
    mkswap /dev/vg0/swap
    mount /dev/vg0/root /mnt
    mount --mkdir /dev/vg0/home /mnt/home
    mount --mkdir -o fmask=0077,dmask=0077 /dev/nvme0n1p1 /mnt/boot
    swapon /dev/vg0/swap

Root ake fara ɗorawa. In aka ɗora boot ko home kafin shi, zai rufe su, kanel ya tafi inda UEFI ba zai gan shi ba.

Girki da saiti

    pacstrap -K /mnt base linux linux-lts linux-firmware lvm2 cryptsetup e2fsprogs dosfstools networkmanager sudo nano intel-ucode
    genfstab -U /mnt >> /mnt/etc/fstab
    arch-chroot -S /mnt

Mai AMD ya sa amd-ucode a madadin intel-ucode. Biyu daga cikin manhajojin layin pacstrap ake yawan mantawa: lvm2, wanda yana kan filas amma ba ya bin ka cikin sabon tsarin sai ka kira shi, da networkmanager, wanda rashinsa ke sa a tashi babu intanet ɗin da za a sauke shi. In intanet ya yanke ana cikin pacstrap, a sake buga shi, abin da ya riga ya sauka yana nan.

A ciki, saitin yau da kullum ne. Lokaci:

    ln -sf /usr/share/zoneinfo/Africa/Lagos /etc/localtime
    hwclock --systohc

Na Nijar Africa/Niamey, na Gana Africa/Accra. A /etc/locale.gen a cire alamar # daga layin en_US.UTF-8, da na ha_NG ga mai so, a buga locale-gen, a rubuta LANG=en_US.UTF-8 a /etc/locale.conf. A /etc/vconsole.conf a rubuta KEYMAP=us ko KEYMAP=fr, daidai da jerin da aka buga jimlar sirri da shi. Sunan na'ura a /etc/hostname. Sai passwd don root, useradd -m -G wheel da sunan da ake so, passwd nasa, EDITOR=nano visudo a buɗe layin wheel, sannan systemctl enable NetworkManager.

Inda aikin ya fi karyewa

Lokacin da kwamfuta ta tashi, kanel ba ya ganin root, tunda yana cikin kulle. Wani ƙaramin tsari mai suna initramfs ne yake fara aiki, ya tambayi jimla, ya buɗe LUKS, ya tada LVM, ya miƙa ragama. Dole a gaya masa ya ɗauki kayan wannan aiki. A /etc/mkinitcpio.conf layin HOOKS ya zama haka:

    HOOKS=(base systemd keyboard autodetect microcode modconf kms sd-vconsole block sd-encrypt lvm2 filesystems fsck)

Jerin yana da ma'ana: block ya nemo faifai, sd-encrypt ya buɗe, lvm2 ya fito da ɗakuna, filesystems ya ɗora. An sa keyboard kafin autodetect ne don kowane kibod na waje ya yi aiki ranar da na jikin laftof ya lalace. Sai mkinitcpio -P, a karanta abin da ya fitar. Gargaɗin "Possibly missing firmware" na wasu na'urori da ba ka da su ba komai ba ne. Kalmar ERROR kuwa ba a wuce ta.

Na gaba shi ne mai tada tsarin. Za mu yi amfani da systemd-boot:

    bootctl install
    blkid -s UUID -o value /dev/nvme0n1p2

Umarni na biyu yana fitar da UUID, wato lambar shaidar kason LUKS. A ƙirƙiri /boot/loader/entries/arch.conf, a sa lambar a madadin LAMBAR-UUID:

    title Arch Linux
    linux /vmlinuz-linux
    initrd /initramfs-linux.img
    options rd.luks.name=LAMBAR-UUID=cryptlvm root=/dev/vg0/root resume=/dev/vg0/swap rootflags=x-systemd.device-timeout=0 rw

A /boot/loader/loader.conf kuma a sa default arch.conf da timeout 3. A kwafi fayil ɗin zuwa arch-lts.conf, a mayar da sunayen vmlinuz-linux-lts da initramfs-linux-lts.img, ranar da sabon kanel ya ƙi jituwa da na'urarka, ta nan za ka shiga.

Kurakurai biyu ne suka fi yawa a layin options. Na farko, UUID. Ana son na nvme0n1p2, wanda blkid ke nunawa da crypto_LUKS. Na root da PARTUUID suna kama da shi a ido, amma ba shi ba ne. Kada a kwafa da hannu. A tura sakamakon blkid cikin fayil ɗin da >> sannan a gyara da nano. Na biyu, gauraya tsari biyu. Tsofaffin jagorori suna amfani da udev da encrypt, waɗanda ke tafiya da cryptdevice=. Tsarin systemd da sd-encrypt kuma rd.luks.name= yake ji. Wanda ya ɗauki HOOKS daga nan, layin kanel daga can, ba za a tambaye shi jimla ba ko kaɗan, sai jira kawai. Shi kuwa zaɓin device-timeout=0 yana hana systemd gajiya bayan daƙiƙa 90 in ka kunna kwamfuta ka tashi ka bar ta.

Sai exit, umount -R /mnt, swapoff -a, reboot, a zare filas.

In ta ƙi tashi

Ba a sake girki. A dubi inda ta tsaya. In BIOS ya ce babu abin tashi, matsalar a kason farko take ko bootctl. In jerin zaɓi ya fito amma ba a nemi jimla ba, UUID ne ko HOOKS. In an nemi jimla ta ƙi, jerin kibod ne. In ta karɓa sannan aka tsaya jiran /dev/vg0/root, lvm2 ne babu, ko an yi kuskuren suna. Hanyar komawa ciki ɗaya ce: a tashi da filas, sannan

    cryptsetup open /dev/nvme0n1p2 cryptlvm
    vgchange -ay
    mount /dev/vg0/root /mnt
    mount /dev/nvme0n1p1 /mnt/boot
    arch-chroot -S /mnt

A gyara, a sake mkinitcpio -P in an taɓa HOOKS ko vconsole.conf. Saboda haka kada a goge filas ɗin nan, a ajiye shi.

Abin da za a yi a ranar farko

Kafin a zuba ko fayil ɗaya, a kwafi kan LUKS:

    cryptsetup luksHeaderBackup /dev/nvme0n1p2 --header-backup-file luks-kai.img
    cryptsetup luksAddKey /dev/nvme0n1p2

Fayil ɗin mega 16 ne. A sa shi a wani filas dabam, nesa da jakar laftof. Barin sa a cikin home bai da amfani, tunda ranar da ake nemansa home ba zai buɗu ba. A sani kuma, kwafin yana buɗuwa da jimlar da ke aiki ranar da aka yi shi, ko an canja ta daga baya. In an canja jimla don ta fita, sai a lalata tsohon kwafi a yi sabo. Umarni na biyu yana ƙara jimlar ko-ta-kwana, wadda za a rubuta a takarda a adana wurin da aka amince da shi, a gwada ta da cryptsetup open --test-passphrase. Yana da kyau wani amintacce a gida ya san inda takardar take, domin babu kamfani ko mai gyara da zai iya buɗe faifan in mai shi ya manta ko ya rasu.

Mai SSD zai so TRIM, wato sanar da faifai wuraren da aka goge, wanda LUKS ke toshewa tun asali:

    cryptsetup refresh --allow-discards --persistent cryptlvm
    systemctl enable --now fstrim.timer

Farashinsa shi ne mai binciken faifan zai iya gane wuraren da babu komai, ba abin da ke rubuce ba. Ga yawancin mutane wannan ciniki ne mai kyau.

Filin da aka bari a vg0 yanzu zai yi rana. In root ya fara cika, lvextend -r -L +20G vg0/root ya wadatar. Harafin r shi ke faɗaɗa ext4 tare, in aka manta shi df ba zai nuna canji ba. Kafin babban sabuntawa kuma ana iya ɗaukar hoton root da lvcreate -s -L 10G -n kafin vg0/root. In abu ya ɓaci, lvconvert --merge vg0/kafin da sake kunnawa zai mayar da shi yadda yake. In lafiya, lvremove. Hoton yana mutuwa in canje-canjen suka wuce giga 10 ɗin, kuma bai haɗa da /boot ba. Wanda ya koma baya bayan sabunta kanel zai tarar da sabon kanel a /boot da tsofaffin kayansa a root, don haka a kwafi /boot gefe tare da kowane hoto.

Kullen yana aiki ne a kan kwamfutar da ke kashe. Wadda aka rufe murfinta kawai tana riƙe da mabuɗi a RAM. In za a hau mota da ita, ko za a bar ta a ofis ko shagon caji, a kashe ta gaba ɗaya, ko a buga systemctl hibernate, wanda ke juye komai cikin swap da ke bayan kulle, ya sake neman jimla idan an kunna.